Ƙudan Gidanka Ba Daga Nesa Ya Zo Ba

 

Yau a kan ƙuda za mu yi magana. Na san wani zai ce duk matsalolin da suka dabaibaye ƙasa a rasa abin sharhi sai ƙuda. A yi haƙuri a saurara, domin abin da ke kai yaro gadon asibiti ya wuce a kira shi ƙaramin abu.

Kusan kowace shekara, mako guda zuwa kwana goma bayan Sallar Layya, ƙorafi iri ɗaya ake ji a gidaje. Uwargida ta tashi da safe ta tarar igiyar shanya ta yi baƙi ƙirin. Ta ɗaga faifai daga kan kwanon koko, kafin ta miƙa wa yaro, ƙuda uku sun faɗa. Maigida ya shimfiɗa tabarma a zaure, hannu ɗaya na kai loma, ɗaya na kora. Sai a shiga tambayar juna ta kan katanga: "Maman yara, ku ma haka kuke fama da ƙudan nan?" Daga nan kowa ya kawo nasa bayanin. Wannan ya ce iska ce ta kwaso su, wancan ya ce ai lokacin mangwaro ne, wata ma ta fara zargin ko jifa aka yi wa gidan.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ƙudan da ya cika maka gida kwatsam, mafi yawan lokuta a gidanka aka haife shi, ko a bayan katangarka, ko a bakin layinku. Kuma ranar da ka gan shi ba ranar ya fara ba. Kwana bakwai zuwa goma ke nan yana girma a wani lungu kana wucewa ta kansa.

Ga yadda abin yake. Macen ƙuda tana zuba ƙwai kamar 75 zuwa 150 a zama ɗaya, kuma a ɗan gajeren rayuwarta na mako biyu zuwa wata guda tana iya kaiwa ƙwai 500. Ba ta zuba su a busasshen wuri. Abu uku take nema: danshi, da ɗumi, da abin da ke ruɓewa. In ta samu, cikin kwana ɗaya ko ƙasa da haka ƙwan ya ƙyanƙyashe, fararen tsutsotsi sun fito. Su yi kwana uku zuwa biyar suna ci, sannan su rarrafa su bar jiƙaƙƙen wurin su nemi busasshiyar ƙasa a gefe su shige. Can fatarsu za ta taurare ta zama ɗan ƙwanso mai ruwan ƙasa, kamar ƙwayar shinkafar da ta ƙone a gindin tukunya. Bayan wasu 'yan kwanaki ƙwanson ya fashe, cikakken ƙuda ya fito. Da yake tare aka zuba ƙwan, tare suke fitowa. Wannan ne sirrin kalmar nan da matan gida ke faɗa, "wallahi jiya babu su." Gaskiya suka faɗa, jiya suna cikin ƙasa.

Yi lissafi da kanka. Ƙuda mata goma kacal, in kowace ta cika aikinta, ƙwai 5,000 ke nan. To ina ga ranar da aka yanka raguna da shanu a kowane gida na layi guda?

Ka tuna yadda ranar Layya take. An yi yanka a tsakar gida ko ƙofar gida, jini ya bi kwata ya tsaya inda shara ta toshe. An zazzage tumbi da hanji a bayan gida an ce anjima za a kwashe, hidimar suya ta ɗauke hankali. Fata tana jingine a lungu ana jiran mai saye. Ƙaho da kofato da guntun ƙashi an cusa su a buhu an ajiye bakin bola. A turken da ragon ya yi makonni a ɗaure kuma, kashi da fitsari da ragowar dusa sun cakuɗe. A 2024 da 2025 Layya ta faɗo ne a farkon damina, cikin watan Yuni aka yi ta, ga zafi ga ruwan sama, ga ɓawon mangwaro da ƙwallonsa ko'ina. Duk abin da macen ƙuda take nema mun haɗa mata a rana ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba Layya kaɗai ke jawo wannan ba. Akwai gidan da maƙwabci ya fara kiwon kaji, ko aka sauke buhunan kashin kaji a fili ana jiran kaiwa gona ruwa ya doke su. Akwai gidan da masai ya cika ko murfinsa ya fashe. Akwai gidan da ake tara famfas ɗin jariri a leda har kwana huɗu. Akwai kuma wani nau'i da ya kamata a gane shi daban. In ka ga manyan ƙudaje masu ƙyalli, kore ko shuɗi, masu ƙarar tashi, sun taru a tagar ɗaki guda alhali tsakar gida lafiya lau, to ka tambayi mutanen gida ko an sa shinkafar ɓera kwanan baya. Sau da yawa ɓera ne ya ci ya hau cikin silin ko bayan kwaba ya mutu, ko ƙadangare, ko tsuntsu. Irin wannan ƙudan mushe yake bi. Ka ciro mushen, ka share wurin, cikin 'yan kwanaki magana ta ƙare.

Me ya sa za mu damu? Saboda yadda ƙuda ke cin abinci. Ba shi da haƙori, ba ya tauna, sai abu mai ruwa yake iya sha. In ya sauka a kan tuwo ko ƙullin sukari, sai ya amayo abin da ke cikinsa a kai don ya narkar, sannan ya tsotse. Yana ci yana kashi. Ɗigo-ɗigon baƙin nan da kike gani a jikin ƙwan lantarki da wayar wuta da gefen madubi, uwargida, shi ne shaidar. Da ƙafafunsa yake ɗanɗana abu, shi ya sa sai ya tattaka abincin kafin ya ci, kuma ƙafafun nan da jikinsa duk gashi ne da ke kwasar ƙazanta. Wanda ya sauka a bakin kofin yaronki, mintuna kaɗan da suka wuce wataƙila yana kan fo ɗin da ba a zubar ba.

Ta wannan hanya yake taimakawa wajen yaɗa gudawa, da atini, da taifot, da kwalara. A nan sai mu yi adalci: babbar hanyar kwalara gurɓataccen ruwan sha ce da hannun da ba a wanke ba, ƙuda ɗan rakiya ne. Amma ɗan rakiyar da bai kamata a raina ba. A 2021 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi shafa. A irin wannan yanayi kowace ƙofa da cuta ke bi ta shiga ciki abin toshewa ce. An ma gwada abin a aikace. A 1999 aka wallafa sakamakon bincike guda biyu, ɗaya daga ƙauyukan Gambiya, ɗaya daga ƙauyukan Pakistan, inda aka rage ƙuda a wasu garuruwa aka bar wasu yadda suke. A wuraren da aka rage, gudawar yara ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai kuma ɗan'uwansa, ƙaramin ƙudan nan mai naci da ke lafewa a idon yara da hancinsu, ka kore shi ya dawo. Shi ya fi son zuba ƙwai a kan bayan-gidan mutum da aka yi a fili, kuma yana ɗaukar ƙwayar cutar amosanin ido daga wannan yaro zuwa wancan. Ciwon nan in ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, gashin ido yakan juya ciki ya riƙa gogar ƙwayar ido har mutum ya makance. Ghana ta samu shaidar kawar da shi daga Hukumar Lafiya ta Duniya a 2018, Gambiya a 2021, kuma wanke fuskar yara da gina masai suna cikin ginshiƙan aikin, tare da magani da tiyata.

To, ƙuda ya riga ya cika gida. Me za a yi?

Abin da yawancinmu ke fara yi shi ne aika yaro kanti ya sayo maganin feshi, ko a ɗauko kwalbar fiya-fiya a yayyafa. Da yamma a share gawarwaki cike da abin kwasar shara, a ce alhamdu lillahi. Jibi kuma gida ya sake cika. Dalili a fili yake: waɗanda ka kashe su ne suka riga suka fito, dubbai suna nan a ƙasa suna jiran ranarsu. Ƙari a kan haka, ƙuda yana saurin sabawa da guba. Tun a ƙarshen shekarun 1940, 'yan shekaru kaɗan da fara amfani da DDT, aka ga ƙudan da ba ya jin sa a Suwidin da Italiya. Yau ma in ka dage da magani iri ɗaya, masu taurin rai ne za su tsira su hayayyafa.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne na gubar kanta. Fiya-fiya da Sniper da dangoginsu masu sinadarin DDVP ba abin wasa ba ne a ɗakin kwana ko madafi. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da kantunan kayan masarufi, saboda maganin gona ne. Duk da haka za ka ga an yayyafa shi kusa da tulun ruwa, ko an ɗura shi a robar lemo an ajiye ƙarƙashin gado inda yaro mai rarrafe zai kai hannu. Har akwai masu shafa shi a teburin nama ko kusa da busasshen kifi don kada ƙuda ya sauka. Malam, wanda ya yi haka ya kori ƙuda ya ba mutane guba. In har za a yi feshi, a yi da maganin da aka yi don cikin gida, a fitar da yara da masu asma, a rufe abinci da ruwa, a bar ɗakin ya sha iska kafin a koma. Kuma a sani cewa sauƙin kwana ɗaya aka saya.

Aikin gaskiya shi ne neman makwancin. Maigida, ka ɗauki shebur ko sanda ka zaga gidanka da safe, ka bi hancinka, ka kuma bi inda suka fi yin dandazo. Ka ɗaga kwandon shara ka duba ƙarƙashinsa, domin ruwan da ke tsiyaya daga shara yana jiƙa ƙasa, nan tsutsa ke zama. Ka duba wurin wanke-wanke inda ake zubar da ƙanzo da ruwan miya. Ka tona gefen turke da ƙarƙashin akurki, ka leƙa bakin kwata, ka duba inda aka yi yanka. In ka kai shebur ka juya ƙasa ka ga farare suna motsi, ko ka ga jajayen ƙwanson nan a zube a busasshen gefe, ka iso gidansu.

In ka same su, ka kwara tafasasshen ruwa a kai, ka kwashe har da ƙasar da ke ƙarƙashi. Abin da za a binne a binne shi da zurfi, a rufe da ƙasa mai kaurin santimita 30 ko fiye, a daddanne ta, don in ka yayyafa 'yar ƙasa sama-sama, ƙudan da ya fashe yana iya kutsowa ya fito. Wurin da ya rage da danshi a barbaɗa masa toka ko busasshen yashi. Kashin dabbobi da na kaji kuwa, ko dai a baje shi siriri rana ta busar da shi, ko a tara shi wuri guda a lulluɓe da babbar leda a danne gefunan da duwatsu. Zafin da takin ke fitarwa a ƙarƙashin ledar yana kashe tsutsa, kuma takinka yana nan ba ka yi asara ba. Shara kuma kada ta wuce kwana biyu ko uku a gida, musamman da damina. Wanda ya bar ta mako guda ya ba ƙuda daidai wa'adin da yake buƙata.

Masai yana son kulawa ta musamman. A yi masa murfin da ya zauna daram, a koya wa yara mayar da shi, a riƙa zuba toka. Fo ɗin yaro a zubar a masai nan take a wanke, domin kashin yaro ba shi da wani tsarkin da ke hana shi ɗaukar cuta, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukarsa ba komai ba. Mai halin gyara kuwa, akwai dabarar da aka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Blair a Zimbabuwe a shekarun 1970, wadda ma'aikatan tsafta suka sani sarai. Ana kafa dogon bututu daga ramin ya zarce rufin ɗakin, a ɗaure bakinsa na sama da raga, a bar cikin ɗakin da ɗan duhu. Wari ya bi bututu ya fice sama. Ƙudan da ya fashe a rami kuma haske yake bi, sai ya haura bututun ya tarar da raga, ya yi ta bugawa har ya mutu ya faɗa. Irin wannan masan shi ba a toshe bakin raminsa, don iska ta samu hanyar shiga. Bututu guda da guntun raga, ba wuta ba magani.

Waɗanda suka riga suka fito fa? Su ma akwai dabara mai araha. A samu robar ruwa babba, a yanke ta daga kafaɗa, a juya saman a cusa shi cikin gindin, bakin yana kallon ƙasa. A zuba ruwan sukari da ɗan ruɓaɓɓen mangwaro ko kan kifi, kada ruwan ya taɓa bakin robar. Za su bi wari su shiga, fita ta gagare su. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu. Sai dai a rataye tarkon can nesa da madafi da ƙofar ɗaki, in ba haka ba gayyato su aka yi. A cikin ɗaki a rataye takardar danƙo. Da rana a rufe tagogi a bar guda ɗaya a buɗe, ɗakin ya yi duhu, a kaɗa su da zane, za su nufi hasken su fice. Da dare kuma a kan igiya da waya da silin suke kwana, sun yi laushi, lokacin ne mafici ke yin aiki. Raga a taga, labule a ƙofa, fanka in akwai wuta, duk suna ragewa. Abinci dai kada a bar shi a buɗe ko na ɗan lokaci: faifai a kan ƙwarya, murfi a kan tulu, kwanukan da aka wanke a kife su. Nonon jariri da kofinsa da cokalinsa su ne a gaba.

In kuma yaro ya fara gudawa, kada a tsaya ana cewa haƙori ne. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, na ƙunshi da ake sayarwa ko na haɗin gida: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ci gaba da shayar da shi. In akwai jini, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idonsa ya faɗa, ko gudawar ta zama tsululu fara, a garzaya asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba.

Saura magana guda, kuma ita ce mai wuyar. Ƙuda bai san katanga ba, yana iya yin tafiyar kilomita ɗaya ko biyu neman abinci. Kina iya share gidanki har ƙasa ta yi ƙyalli, in jujin bakin layi yana nan, ko maƙwabci yana turo ruwan turkensa cikin kwata, aikinki ya tashi a banza. Dattawanmu suna ba da labarin zamanin duba-gari, lokacin da ma'aikaci zai shigo gida ya leƙa randa da masai, wanda aka kama da ƙazanta ya sha tara. Yau ma ma'aikatan suna nan a ƙananan hukumomi, ana kuma ware Asabar ɗin ƙarshen wata don tsaftar muhalli a jihohi irin su Kano. Amma a kwatanta: shara sau ɗaya a wata, ƙuda kuwa zuriya uku yake iya yi kafin watan ya zagayo. Ko an yi aikin gayyar ma, sau nawa ake yashe kwata a tara laka a bakin titi a bar ta har ruwan sama ya mayar da ita? Hukumomin kwashe shara su sani cewa makon da ke bin Sallar Layya shi ne makon da ya fi kowane buƙatar motocinsu, tun daga ranar yanka ba sai wari ya tashi ba.

Mu kuma talakawa akwai namu. Jihar Jigawa ta zama ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, kuma irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai masu unguwanni da dagatai da limamai da matan gida sun sa hannu. Abin da ya yiwu a jiha guda ba zai gagari layi guda ba. Mai unguwa ya tara magidanta bayan sallar Magariba, a tsayar da wurin zuba shara da ranar kwashe ta, a yi karo-karo a biya masu baro. Mai kiwon kaji a cikin gari a je masa da lalama da girmamawa, a ce Alhaji, sana'arka halal ce, amma a taimaka a riƙa kwashe takin kafin ya kwana bakwai. Mahauci da mai tsire da mai fura su rufe hajarsu da raga ko gilashi, mu kuma masu saye mu riƙa zaɓar wanda ya rufe, don ciniki ya fi wa'azi saurin gyara ɗan kasuwa.

Saboda haka, mai saurare, in gidanka na cikin wannan hali, ka ajiye kuɗin maganin feshi tukuna. Gobe da safe ka zaga da shebur, ka nemo makwancin, ka ƙona shi da ruwan zafi, ka binne, ka busar da wurin, ka yi wa maƙwabcinka magana shi ma ya duba nasa. Sannan ka yi haƙurin mako biyu zuwa wata guda. Tsofaffin za su ƙare da kansu, in babu sababbin da za su gaje su za ka ga bambanci da idonka.